Hantar Kifin Bohumir

A Brno sai taragon ƙarshe ya wuce nake fara aiki,
don girgizar dogo kaɗai ta isa ta sa awona ƙarya.
Sha biyu ta gota. Dusar ƙanƙara a taga.
A gabana, cikin 'yar kwalba kamar kan yatsa,
hantar kifin Bohumir ce, ta narke ta zama ruwa.

Da kansa ya kawo ta, a naɗe cikin jarida,
hannunsa na ƙarnin tafki.
"Radmila, duba mini. Saura kwana tara Kirsimeti,
kuma rabin unguwar nan kifina za su ci."

Allurata zaren gawayi ce.
Gashin jariri ma ƙato ne a kusa da ita;
uku na karya a makon nan, ɗaya da atishawa.
Ba ido gare ta ba, kunne ne,
irin wanda ke jin sawun tururuwa a ƙasan rijiya.

Furotin na hanta marowaci ne.
In ya damƙi ƙarfe da yatsunsa na kibiritu
sai ya dunƙule, kamar uwa da hannun ɗanta a kasuwa.
Na ɗiga masa tsami, ɗigo biyu.
Ya saki.

Na kori iskar cikin ruwan, na rufe akwati,
na saki lantarki siriri.
Minti biyu ƙarafa na taruwa a bakin allura
kamar ƙudaje a leɓen ƙwarya.
Sannan na juya musu wuta, na sallame su,
kowa da lokacin tashinsa.

Tutiya ce ta fara miƙewa. Da ma 'yar gida ce.
Jan ƙarfe ya zo a ƙarshe, shi ma mun saba.
Amma a tsakaninsu,
inda ya kamata layi ya kwanta ya huta,
sai ya yi ɗan tozo.

Kadmiyam.

Na ce ko ruwana ne. Ko gilashin. Ko ni.
Na zare zobe, na sake wanke komai,
na auna ruwa zalla: layi ya miƙe sumul.
Na mayar da hantar.
Tozon ya dawo wurin zamansa,
bai ƙaru ba, bai ji kunya ba.

Ƙwayar gero 'yan kaɗan a rumbu goma, iyakarsa ke nan.
Kifin bai san sunan abin ba.
Ya dai haɗiya, ya ƙulle a hanta,
ya yi damina uku yana iyo da ajiyar wani.

Lambar Bohumir na gefen jaridar, maiƙo ya ci bakwai ɗin.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Ƙarfe biyar saura, taragon farko ya taho,
layin ya ɗauki rawa a kan allo,
ni kuma wayar na hannuna
ina neman kalmar da ta kai abin ƙanƙanta
ta kuma kai shi nauyi.