Ƙarfe Uku na Dare a Valparaíso

Har yanzu nakan farka ƙarfe uku.
Jiki bai san an sallame shi ba.
Hannu ya lalubi waya ƙarƙashin matashi,
ya tarar da sanyin zanen gado,
da kukan jirgin ruwa can ƙasa a tasha.

A wannan sa'ar muke haɗuwa a dā,
mu arba'in da ɗaya,
ba wanda ya san tsayin wani, balle warin guminsa.
Baƙin kyandir a gaban allon waya, fuskoki a lulluɓe.
Shi kuwa murya ce kawai,
mai laushi kamar man shanu a rana.
Mai Mabuɗi muke ce masa.

Wata biyu da binne Joaquín ya same ni.
Ya ce: ƙaninki bai yi nisa ba,
yana bayan ƙofa ta bakwai,
yana jin sanyi, yana kiran sunanki.
Wanda ƙishi ya kama
ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya.

Ƙofa ta farko kyauta ce.
Ta biyu ta cinye albashina na kantin magani.
Ta uku ta nemi hoton tafina da jini a kai,
ta huɗu, sirrin da ko limamin coci bai ji ba.
A ta biyar aka karɓe sunana.
Aka ce Ximena ta mutu, daga yau ke ce Toka.
Na kuwa amsa.
Uwata na ƙwanƙwasa ɗaki da miya a hannu,
ina ce mata inuwa, don haka aka koya mini.

Ba ƙarfin hali ne ya fitar da ni ba.
Kuskure ne.
Wata Talata saƙo ya shigo:
ɗanki Matías yana jin sanyi, yana kiran sunanki.
Ni ban taɓa haihuwa ba.
Na karanta sau goma sha.
Ashe riga ɗaya ce yake sa wa kowace gawa,
ranar ya manta bai canza wuyan ba.

Da na fita, suka ce kwana tara.
Gashina zai zube, uwata za ta faɗi a matakala,
hotunana za su kai wurin aikina.
Hotunan sun kai.
Sauran na zauna ina ƙirga su da yatsu a bakin taga.
Rana ta tara ruwan sama ya sauko,
uwata ta soya wainar kabewa,
tana mitar tsadar gas.
Na ci shida. Na yi kuka a kan ta bakwai.

Warkewa ba ta da ƙofofi masu lamba.
Ranar Alhamis nakan zauna gaban Señora Pilar,
ta bar ni in yi shiru har rabin awa.
Na faɗa mata abin da ya fi ba ni kunya:
wani lokaci ina kewarsu.
Ba ta zaro ido ba.
Ta ce ƙaya ma in ta daɗe a ƙafa, gurbinta kan yi ƙaiƙayi.

Na je kabarin Joaquín a Playa Ancha.
Ban ji murya ba. Iska ce, da tsuntsayen teku,
da wani tsoho yana ba furanni ruwa da gwangwani.
Na ce masa: kwanta, yaro, ba sanyin da kake ji.
Ni ce nake ji.

Ita uwar Matías, ban san garinsu ba.
Nakan tuna da ita in na farka,
ko har yanzu tana biyan kuɗin ƙofa.

Jiya a gidan burodi, layi ya yi tsawo,
yarinyar ta ɗaga biro ta ce, wane suna zan rubuta?
Bakina ya tsaya, kamar mai taka tsani a duhu.
Ximena, na ce.
Ta rubuta shi da J.
Na ce a'a, ba ni biron.