Gajeren Bel

A Ƙofar Ruwa, ƙarƙashin darbejiya,
Tasi'u ya kasa kunne ga injina,
ya ce, "Kwamfuresa ce ta cije, Malam,
ita ke cin bel kamar ɓera."

Na tambayi kuɗin sabuwa.
Ya faɗa. Na yi dariya, shi ma ya yi.

Sifana ɗaya, noti huɗu,
ya ciro ta, baƙa, nauyin jariri.
Da igiya ya auna sabuwar hanya
daga fulin inji zuwa altaneta,
ya aiki yaro neman gajeren bel.

Yanzu a danjar Kabuga
gilashi a sauke, gumi har cikin hula,
inji na kiɗa lafiya lau.
Sanyi kuwa, sai damina ta sauka.