Rajistar Munkaila

Jiya matarka ta aiko yaro da baƙar leda,
a ciki rajistar nan mai shuɗin bango,
wadda ruwa ya ci wa kunne
ranar da babur ɗinka ya kafe a hanyar Jahun.
Na buɗe, warin man keken ɗinki ya taso
ya zauna mini a hanci.

Ga mu nan a jere, 'yan aji shida na tamanin da huɗu,
kowa da layinsa kamar kunyar gero.
Lurwanu ya biya. Asabe ta biya, ta ɗora.
Ni kuwa bashi, bashi, har wata tara,
a gefe da fensir ka sa: zai kawo.
Ko sau ɗaya ba ka tare ni a ƙofar masallaci ba.

Kai da ba ka taɓa shiga goman farko ba.
Kai da Malam Sabi'u ya durƙusar kan tsakuwa
don sau bakwai ya ƙi zama a kanka.
Mu masu cin na ɗaya muka kama gabanmu,
Dutse ta ɗibi wasu, Kano ta haɗiye saura,
ka tsaya a rumfarka ta bakin tasha
kana yanka farar riga da koren wando,
na marayu kuma ka ce ragowar yadi ne.

Kashegarin kowace Babbar Salla
kujera sittin kake ɗaukowa haya,
ka jera su ƙarƙashin tsamiyar makaranta,
ka bugi tsohon wilin motar nan da ƙarfe
kamar mu ne yaran da suka makara.
Mu sha ɗaya muke zuwa. Wata shekarar, takwas.
Ka karanta bayanin taron bara
ga mu, ga kujerun da ba kowa,
ba ka tsallake ko waƙafi ba.

Tasi'u ya taɓa tsokanar ka:
Wai makarantar nan gadonka ce?
Ka ciji zare, ka tofar, ka ce:
A nan aka fara rubuta sunana,
kullum safiya a kira, in amsa.
Ranar da ban zo ba, an tambaya.

Shekarar da iska ta yaye rufin aji uku
ka dawo daga Dutse da bandir biyu na kwano,
ka ce Lurwanu ya yi ƙoƙari.
Sai a zaman makokinka masinjansa ya faɗa mana
kwana uku ka yi a bencin ƙofar ofis,
daga hantsi har la'asar,
da rajista a cinya, da ƙuli-ƙuli a aljihu.
Lurwanu na zaune. Ya sunkuyar da kai.

Shafin ƙarshe rubutun ya karkace,
na san na gadon asibiti ne:
Tagar aji biyar. Ƙusa inci uku.
Alli kwali biyu.
A gaida Malam Sabi'u, idonsa ya yi nisa,
a kai masa sabulu.
A ƙasa, layinka: ka biya har Disamba.
Munkaila, a Yuli muka kai ka.

Na tara jimla sau biyu, ba giɓi.
Ɗari bibbiyuna na wata tara suna ciki,
ban kuwa kawo ba.

Yau da safe na bi ta bayan makaranta,
wani yaro na ɗage yana dukan wilin,
rigarsa ɗinkinka ce, na gane aljihun,
kullum kana sa shi ya ɗan yi sama.

Allah Ya sa a kira sunanka a can ka amsa,
Ya yafe maka bashi yadda ka rufe nawa.
Na sa dubu da ɗari takwas a tsakiyar shafi,
na nemi abin goge fensir, na fasa.
Na bar hannunka yadda yake,
a gefensa da biro na rubuta: ya kawo.