Kujerun Roba a Buenaventura

Shekara uku ina cewa ba ruwana.
Ni Eulalia, mai suyar kifi,
wuta na sani, da gishiri, da canji.

Gadar katako ta raba unguwarmu biyu.
Ba a ja layi ba,
amma yaron da ya tsallaka
sai dai a kawo takalminsa.

Ran da aka kawo na Wilfrido,
wari ɗaya, igiyarsa a ɗaure,
uwarsa ta ɗauki kujerar roba
ta dasa tsakiyar gada, ta zauna.

Ina ta leƙe ta taga
har kifina ya ƙone.

Washegari na kai tawa,
gwiwa na rawa kamar mazari.
Muka zama tara,
har da Nohemi ta ƙetare
wadda ake zargin ɗanta.
Ba wadda ta gaishe ta.
Ni ma sai da yamma
na miƙa mata ruwan kwakwa.

Samari masu bindiga a ƙugu
suka tsaya suna duban ƙasa:
kowannensu, a cikinmu aka shayar da shi.

Harbi bai ƙare ba tukuna.
Amma jiya wata yarinya
ta tsallaka sayen ashana,
ta dawo da ƙafafunta.