Sandar Darbejiya

Da toka na ja layukan nan,
tokar murhun Iya Barira mai ƙosai,
bokiti biyu, da sharaɗin in mayar mata a wanke.
Kafin nan sai da muka yi mako muna tsince tsidau,
ni da yara talatin, a durƙushe kamar masu roron gyaɗa,
a filin da awakin Liman suka ɗauka gadonsu ne, ba sa gusawa.

Usur ɗina ya tsage, sai na toshe gefensa da yatsa.
Agogo kuwa na wayata ne, mai fasasshen gilashi.
Sandar miƙawa reshen darbejiya ce, ni na fere ta
wata Laraba da albashi bai zo ba, hannu na neman abin taɓawa.

Su huɗu ne.
Sagiru, mai tashi kamar zomon da kare ya taso,
Mudassir da ba ya magana, Nafi'u ɗan mai faci,
sai Talle.
Talle ba shi da gudu.
Sai ya kai wa kakarsa jarka huɗu daga tuƙa-tuƙa
sannan ya zo da riga jiƙe, ya tsaya a matsayi na uku.
Ƙafarsa da nauyi, kowa ya sani,
amma bai taɓa yar da sanda ba, ko da wasa, ko da mantuwa.

Saura kwana uku gasar Ringim
hedimasta ya ja ni gindin mangwaro.
Akwai wani yaro a tasha, in ji shi, kwandasta ne,
ƙafarsa iska ce. A ba shi riga da sunan Talle, wa zai duba?
Kowa haka yake yi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.
Ban ce a'a ba.
Wannan nake so kada a tsallake in ana ba da labarina.
Cewa na yi bari in kwana da maganar.
Na kuwa kwana da ita, kamar kunama a cikin mayafi, ina ta juyawa.

Bayan asuba na yanke ta filin,
sai ga Talle shi kaɗai, riƙe da karan dawa,
yana gudu, yana miƙa wa iska, yana cewa, "Karɓi!"
Babu mai karɓa. Ya dawo. Ya sake.
Na laɓe bayan aji shida kamar ɓarawon da aka haska.
Shekara tara ina gaya musu
wanda ya taka layin wani ya ci amana,
ashe tawa ƙafar ce a kan tokar, tana shirin ƙetarewa.

A Ringim mun zo na huɗu cikin shida.
Talle ya karɓa muna na biyu, ya miƙa muna na biyar,
Sagiru ya ƙwato ɗaya da kyar, haƙora a cije.
Waɗanda suka ɗau kofi, ɗayansu da safe aka aske masa gemu,
shatin reza na nan a haɓarsa.
Mu sinƙin sabulu muka samu, da littafi dozin.
Hedimasta ya zauna gaban mota, bai ce min uffan ba har isowa.

A bayan a-kori-kura Sagiru ya karya rake a gwiwa,
ya ba Talle gaɓar gindi, mai zaƙin,
ya ce, "Baɗi ka rage waiwaye."
Talle ya ce, "To."

Daren nan ruwan farko ya sauka,
ya wanke layukan, ko alama bai bari ba.
Da safe na tarar da su a bakin filin,
Nafi'u na korar awakin Liman,
Talle na rungume da bokitin Iya Barira, toka har haɓarsa:
"Malam, daga ina za mu fara zubawa?"