Mai Sayar da Dariya

A saman wata mashaya a Hull na fara,
daren Talata, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Mutum tara ne a ɗakin. Ɗaya yana barci,
biyu neman bayan gida suke, suka ɓata hanya.
Aka ce, "Ga Clive Ormerod!"
Na kama makirufo, hannuna na rawar mazari.
Minti biyar aka ba ni,
na yi su kamar zaman kurkuku.
Ko murmushi babu.
Mai barcin ne kaɗai ya tafa min, da minshari.
Ladana fam huɗu. Kuɗin bas fam biyar.

Shekara goma sha ɗaya ina cin hanya,
Leeds, Stoke, Carlisle,
da wani gari da sunansa ya ɓace min
amma warin kafet ɗinsa bai ɓace ba.
A nan na gane dariya kifi ce,
mai gaggawa ba ya kama ta.
Ka jefa magana, ka yi shiru,
ka ƙirga ɗaya, biyu,
sannan ka fizge.

Kowane Agusta ina Edinburgh
ina miƙa wa baƙi takarda mai hotona.
Da yamma in bi titi
in ga fuskata a ƙasa, jiƙe, da sawun takalmi a goshi.

Sai wata Philippa Tranter ta tare ni a bakin ƙofa,
ta ce, "Fuskarka ta rediyo ce,
amma alƙalaminka na talabijin ne."
Na ɗauka yabo ne. Na bi ta London.

Ɗaki ba taga, mu shida, shayi ya huce,
muna ɗinka barkwanci kamar teloli daren salla,
wani ya sa rigar ran Juma'a
ya fito fes, haƙora fari tas, a tafa masa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Sunana kuwa a ƙarshen shiri
yakan wuce kamar ƙadangare a kan katanga.
Mahaifiyata takan durƙusa gaban akwatin
ta ɗora yatsa a gilashi, wai ta tsayar da shi.

Mahaifina a tashar jiragen kamun kifi ya tsufa.
Ban taɓa ganin haƙoransa ba
sai a kofin ruwa, gefen gadon asibiti.
Daren ƙarshe ya kama hannuna,
na sunkuya in karɓi wasiyya,
ya ce, "Har yanzu ba ka sami aikin yi ba?"

Na fita baranda.
Kafin hawaye ya zo
na riga na ciro littafi na rubuta.
Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Fam ɗari biyu aka saya.
Mai fararen haƙora ya faɗa, ya ce uban nasa ne,
ƙasa ta kwashe da dariya daga kudu har arewa.
Ni ina kicin, na kashe sauti,
ina kallon bakuna suna buɗewa
kamar kifin da aka zube a kan dakali.

Bana shekarata hamsin da tara.
Na koma Hull, matakalar ta ƙara tsawo.
Mutum goma sha huɗu, na ƙirga, an sami ci gaba.
Na faɗi maganar tsohon da bakina,
da muryarsa, da tarinsa.
Na ƙirga ɗaya, biyu,
na manta in fizge.

Ɗakin ya yi tsit.
Can baya wata tsohuwa mai jar hula
ta yi 'yar dariya guda, gajeriya,
sannan ta lalubi jaka tana neman hankici.

Fam huɗu suka ba ni, don tsokana.
Na taka a ƙasa zuwa gida.