Sule Bakwai

Daren Talata wutar Agege ta ɗauke,
janareton maƙwabci na tari kamar tsoho.
Ina kishingiɗe a bayan rumfar goro,
waya a tafin hannu, babban yatsa na yawo
a kasuwar da ba laka, ba rumfa,
ba mai cewa albarka, ba dillali mai jiran la'ada.

Can na ci karo da su:
kwabo mai huda, anini, taro, sisi,
da sule bakwai a jere kan jan ƙyalle.
Wata mata a Yaba ce ta ɗora hotonsu,
wai na mijinta ne, ya rasu,
a gwangwanin madara ta same su.

Na latsa, lissafi ya fito.
Kuɗin kaya, kaza. Ladan ɗan aike, kaza.
Layin haraji kuwa sifili,
zagaye kamar bakin rijiyar da ta ƙafe.
Na goge gilashin da hannun riga, na sake dubawa.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, mai kasuwar ya rubuta:
tsohon kuɗi na ajiya, an yafe.

An yafe!
Ni da na biya kan katin waya da safe,
na biya kan batir, kan takalmin makarantar Hajjo,
ni da yaron tasha ya tare a Oshodi
ya yago mini takarda
don buhuna ya huta minti biyar a ƙasa,
yau ni aka yafe wa.

Dariya ta taso, ta tsaya a maƙoshi.
Sule bakwai kakana Mantau ya rasa
shekarar da fara ta riga lauje shiga gona.
Mai unguwa ya ce sule bakwai, ko jaki, ko igiya.
Ya bar musu jakin, ya bar musu garin da dare,
ya bi sawun fatake har ya ji ƙarnin teku.
Ya yi dako a Iddo, ya yi gadi a Ebute Meta,
ya mutu bai koma ba.
Saboda sule bakwai nake ciniki da Yarbanci,
nake mafarki da Hausa,
ban san ƙofar gidanmu na asali ba.

Ran Juma'a Rotimi ya iso kan babur,
ruwa ya yi masa duka tun daga Ikeja.
Ya girgiza ambulan kusa da kunnensa:
Alhaji, kuɗi ka saya da kuɗi?
Na ba shi goro biyu, na ce sa hannu ka tafi.

Na zube su kan faifai, tsakanin fari da ja.
Sun yi ƙara, ƙarar da takarda ba ta iya ba.
Kan sarkin Turawa ya suɗe, hanci ya tafi,
bishiyar kwakwa ce kawai ta rage tsaye a baya.
Yatsu nawa suka lashe wannan fuska?
Wa ya ɗaure su a bakin zane,
wa ya binne su a tukunya da jin tafiyar mai karɓa?

Na ƙirga. Ɗaya, biyu, har bakwai.
Na sake ƙirgawa kamar wani zai ce da saura.
Ga su, Kaka. Na samo.
Na makara da shekara tamanin da wani abu,
kuma babu mai karɓa.

Hajjo ta ce, Baba, me za su saya?
Na ce ko ruwan leda.
Ta ɗauki kwabon, ta kai hudar ido,
ta leƙa titi, ta ce ga danfo a ciki,
ga gada, ga mai gasa masara,
ga Legas duka, Baba,
ta shige ta ramin kwabo.